Masarar Da Ta Ci Hannun Tanimu

Buhun taki biyu aka fara saukewa daga motar kafin Gwaggo Dada ta sauko. Direban ya jingine su a bangon zaure, ya karkaɗe hannu, ya ce zai dawo kafin faɗuwar rana da wakilan Alhaji Jabiru. Ya ja mota ya kama hanyar Ƙanƙara.

Hamida tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Ta ji komai, ba ta ɗaga kai ba. Wannan ne karo na uku cikin wata guda da ƙanwar mahaifinta ta zo Ruwan Godiya, kuma magana ɗaya ce take kawo ta.

"Salamu alaikum. Ke Hamida, halan ba ki ganin mutane?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ya hanya?"

"Hanya ba a magana, ƙuguna kamar na aro. Ba ni ruwa."

Ta sha, ta ajiye kofin, ta zauna a kan turmin da aka kife. Ta dubi garin da ke cikin ƙwarya ta taɓe baki.

"Dawa har yanzu? Ga masara can cike da rumbu, ku kuna ta fama da dawar awo. Wai mi Yaya Malam yake nufi da rumbun nan?"

"Ya ce a bar shi, Gwaggo."

"A bar ma wa?"

Hamida ta ci gaba da tankaɗe. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba, don ta san amsar.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta na fari. Ta gama takaba ta dawo gidan mahaifinta, Malam Yahya, ba ɗa ba jika. Mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya tun tana ƙarama, wanta Sagiru kuwa ya tafi neman kuɗi kudu, sai dai a ji muryarsa a waya ranar Sallah. Gona ta rage wa tsoho shi kaɗai, ga ciwon gwiwa.

A haka Tanimu ya fito neman aurenta. Mutumin Damari ne, yana zuwa wurin kawunsa a nan garin. Ba shi da dukiya, amma ya yi abin da iyayensa da kakanninsa suka saba yi wa surukai: damina biyu a jere yana tara abokansa su yi gayya a gonar Malam Yahya, noman fari da maimai, har huɗa. Bara gonar ta ba da masarar da ba ta taɓa bayarwa ba. Aka sa ranar aure bayan kaka.

Ranar da aka kawo injin casar masara, Tanimu ne yake zuba masarar a bakinsa. Wata totuwa ta maƙale, ya kai hannu zai ciro. A asibiti a Funtuwa aka yanke hannun daman daga wuyan hannu.

Wata shida ke nan. Bai sake taka Ruwan Godiya ba.

"Zauna nan mu yi magana," in ji Gwaggo Dada. "Yau dai za su zo jin amsa. Ke bazawara ce, ba mai ɗaura maki aure sai da yardarki, na sani. Shi ya sa nake ta jigila da tsufana."

"Gwaggo, ai na ba ki amsa tun zuwanki na fari."

"Kuka kika yi mani, ba amsa ba. Ki faɗa mani tsakani da Allah, yaron nan mi zai amfana maki yanzu? Zai riƙe fartanya? Zai ɗaure dami? Ko babur ɗin da yake taƙama da shi an ce ya sayar."

"Bara da ya kawo gayya ke kika rangaɗa guɗa har muryarki ta dishe."

"Bara hannu biyu gare shi."

Hamida ta ajiye rariyar. Idanunta suka cika.

"A gonarmu ya bar ɗayan, Gwaggo."

"Na sani. Allah ya sani na yi mashi kuka." Gwaggo Dada ta sassauta murya, ta jawo hannun Hamida ta riƙe. "Ki dube ni da kyau, ɗiyata. Shekara goma sha ɗaya ina juya mijina, baban su Mansura, a kan tabarma bayan da ɓarin jikinshi ya mutu. Ni ke yi mashi wanka, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke dakau in sayo magani. Ina son shi, ban taɓa fasawa ba. Amma akwai ranar da na shiga makewayi na toshe bakina da zani na yi ihu. So ba ya hana wannan ranar zuwa. Ni an jarrabe ni ina ciki, ke kuwa da idonki buɗe kike son ki shiga."

Hamida ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan zaninta.

"Alhaji Jabiru ba yaro ba ne, ba kuma mugu ba ne," Gwaggo ta ci gaba. "Matarshi ta rasu, yana son mai riƙe mashi gida. Yana da shagon taki, yana da tarakta. Ya ce gonar Yaya Malam ta zama tashi ɗawainiya duk damina. Ga damina ta ƙarato, wa zai noma maku? Kuma kin san abin da matan garin nan suke faɗa a kanki a bakin rijiya. Ya ji, bai fasa ba. Mi kike so kuma?"

Hamida ta sani. Suna cewa farar ƙafa gare ta: na fari ya mutu, na biyu tun kafin a ɗaura ya rasa hannu.

Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki ƙwaryar ta nufi murhu.

"Bari in ɗora tuwo, Gwaggo."

*

Bayan an sauko daga sallar la'asar Hamida ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, ya sake tashi ya tafi. Sai ta ji sallama a zaure.

Muciyar ta suɓuce daga hannunta.

Ko a cikin kasuwa ta ji muryar nan za ta gane ta.

Ta matsa bakin ƙofar da ke shiga zaure daga cikin gida, ta leƙa. Malam Yahya yana zaune a kan buzunsa. Tanimu ya durƙusa a gabansa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Hannun rigarsa na dama yana cikin aljihu.

"Tanimu? Kai ne? Ikon Allah!"

Tsohon ya miƙa masa hannun dama yadda ya saba, da murna, ya manta. Tanimu ya dubi hannun. Bai fito da na aljihu ba, bai kuma miƙa na hagu ba, don ba a gaida babba da hagu. Hannun Malam Yahya ya tsaya a tsakaninsu, har tsohon ya tuna. Fuskarsa ta canza. Ya ɗora hannun a kafaɗar Tanimu ya bar shi a can.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. An gode Allah."

"Ya mutanen Damari?"

"Suna gaishe ku."

Idon Tanimu ya sauka kan buhunan takin da ke jingine a bango, da sunan shagon Alhaji Jabiru rubuce a jikinsu da jan fenti. Ya ɗauke ido.

Malam Yahya ya dafa bango ya miƙe da ƙyar.

"Bari in turo maka ita."

Hamida ta koma da sauri, ta kwashe tuwo a kwano, ta zuba miyar kuka, ta ɗauko ruwa. Gwaggo Dada tana kallonta. Hamida ta kai zaure ta ajiye a gaban Tanimu, ta ja gefe ta zauna a bakin tabarma.

"Sannu da zuwa."

"Yauwa, Hamida. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya. Ga abinci."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ta dubi leɓɓansa da suka bushe. Daga Damari zuwa nan a bayan ɗan kabu-kabu, a wannan zafin na bazara, ba wanda zai iso a ƙoshe. Ta gane. Ba zai ci da hagu a gaban kowa ba.

"Wata shida," ta ce a hankali. "Na kira wayarka har na daina ƙirga. Na aika kawunka sau biyu. Mi na yi maka?"

"Ba ki yi mani komai ba."

"To mi ya sa?"

Ya dubi ƙasa.

"Kawu ya gaya mani yau mutanen Ƙanƙara za su zo. Shi ya sa na taso. Ba na son ki ba su amsa kina jin nauyina." Ya ɗago ya dube ta. "Na zo in warware alkawarin da ke tsakaninmu, Hamida. Na yafe. Ki amshi Alhaji."



"Ka yafe? Wa ya roƙe ka yafiya?"

"Ki saurare ni."

"Ina ji. Wata shida nake jira in ji."

"Kin san wa ke ɗaure mani mazagin wando?" ya ce. "Innata. Ni, da gemuna. Da safe sai in tsaya kamar yaron goye ta ɗaure mani. In na zo alwala sai na danne buta da gwiwa. Ran nan na ɗauki fartanya na shiga bayan gida inda ba mai ganina, na yi sara uku ta kuɓuce ta sare ni a ƙafa. Abokaina da muka yi gayya tare, in sun gan ni sai su sauya magana, kar su ambaci gona a gabana. Ni ban iya komai ba sai noma. Ban yi boko ba, ban iya ciniki ba. Abin da na kawo gidan nan ƙarfina ne, shi aka gani aka ba ni ke. Yanzu babu shi. Mi zan amfana maki?"

"Kai ma abin da za ka faɗa ke nan."

"Gaskiya ce."

"Tun safe nake jin kalmar nan. Amfani, amfani. Kamar jaki za a saya a kasuwa ana duba haƙoranshi." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Bari in tambaye ka. Lokacin da na fita takaba, maza nawa suka zo zauren nan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ba ko ɗaya. Shekara guda cur. Mata suna janye 'ya'yansu in na zo wucewa. Kai ka zo, ka zauna nan inda kake zaune, na ce maka ba ka ji abin da ake cewa a kaina ba? Mi ka ce?"

"Hamida..."

"Mi ka ce?"

"Na ce rai da ajali na Allah ne."

"Ran nan na yi barci har rana ta fito, rabona da haka tun rasuwar marigayi. Wannan da fartanya ka yi mani shi? Yanzu suna cewa ni na cinye maka hannu. Ina shiga gidan suna, a yi shiru. In ka tafi yau, ka sa masu hannu ke nan a maganarsu. Za su ce shi ma ya gane, ya gudu da sauran jikinshi."

"Wallahi ban taɓa tunanin haka ba!"

"Ba sai ka yi ba. Su za su yi maka."

Ya kifa kansa a gwiwa. Kafaɗunsa suna girgiza. Ta taɓa ganinsa cikin jini ranar injin, bai yi kuka ba. Yau ta ga kukansa.

"Ba zan iya ciyar da ke ba," ya ce daga cikin gwiwar. "In zauna a inuwa ina kallonki kina dakau? In ga Baba yana jan gwiwa a kunya ni ina tsaye? Gara ki tsane ni yau da ki gaji da ni nan da shekara biyar."

"Ka bar ni in gaji da kaina mana. Mi ya sa kowa yake riga ni gajiya?"

Can ya ɗago, ya goge fuska da hannun riga, ya yunƙura zai tashi.

"Zan tafi kafin su iso. Abu ɗaya ne yake sanyaya mani rai in na kwanta. Nakan ce ko ba komai hannun bai tafi a banza ba, Baba da Hamida suna cin tuwonshi." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ta yi auki kuwa, masarar?"

Hamida ta sauke ido. Idonsa ya bi nata zuwa kwanon da ke gabansa. Ya ɗaga murfin da hagu. Tuwon dawa ne, ja.

"Ina masarar?"

"Tana rumbu."

"Ba ku fara ci ba?"

"Ko ƙwaya ɗaya. Ranar da aka tafi da kai asibiti Baba ya sa aka juye ta duka a rumbu, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin. Ya ce ba mai taɓa ta."

Tanimu ya tsaya cak.

"A ranar? Ba a shanya ta ba?"

"Ban ga an shanya ba."

"An sa mata maganin ƙwari kafin a liƙe?"

"Ban sani ba. Ka san a gidan nan mace ba ta leƙa rumbu."

Bai jira komai ba. Ya miƙe ya kutsa cikin gida, shi da ko da yana zuwa kullum bai taɓa wuce zaure ba.

*

Gwaggo Dada ta zabura tana jan mayafi.

"Kai, kai! Lafiya? Gidan surukai ne fa!"

Bai ko dube ta ba. Ya tsaya gaban Malam Yahya da ke zaune a gindin darbejiya da carbi a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri da shigowata. An sa wa masarar nan magani?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi rumbun da ke kusurwar gida. Carbin ya tsaya.

"Ban sa ba."

"Wata shida, Baba?"

"Ban iya komawa kusa da shi ba, Tanimu. Ko ta gefenshi ba na bi."

"Ina tsani?"

"Ba za ka iya hawa ba."

"To wa zai hau?"

Gwiwar Malam Yahya ba ta hawa ko dakali, mata kuma ba sa hawa. Hamida ta jawo tsanin daga bayan ɗaki ta jingina shi. Malam Yahya ya taso ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu.

Tanimu ya fito da hannun daman daga aljihu. Karo na farko ke nan da suka ga dungun, fatar ta haɗe ta yi sheƙi. Gwaggo Dada ta kau da kai tana salati.

Ya kama da hagu, ya saƙala gwiwar hannun dama a matakin sama, ya ja jikinsa. A mataki na huɗu ƙafarsa ta zame, tsanin ya yi rawa, Hamida ta saki ƙara. Ya manne da ƙirji har ya daidaita, ya ci gaba. Ya ture murfin ciyawar gefe, ya dinga dukan lakar da gwiwar hannu har ta tsage ta rufta.

Wani ɗumi mai wari ya taso. Ƙananan ƙwari baƙaƙe suka yi ta fitowa suna bin bangon rumbun.

Ya zura hannu ciki har kafaɗa, ya damƙo, ya fito da shi. Ya buɗe tafinsa. Gari ne ya zubo ta tsakanin yatsunsa, da 'yan ƙwayoyi duk huda, marasa nauyi kamar ƙaiƙayi. Ya sake zurawa ta wani gefen. Haka. Ya sake.

Ya sauko a hankali, ya tsaya gaban tsohon da garin a hannunsa.

"Baba." Ya miƙa masa tafin. "Damina guda muna sunkuye a gonar nan. Hannuna ne wannan kuka bar wa ƙwari."

Malam Yahya ya saki tsanin. Ya zauna a ƙasa a wurin, ba tabarma ba buzu. Hamida tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai yau.

"Na kasa ci, ɗana. Duk lokacin da na yi tunanin a buɗe, sai in ji ƙarar injin nan a kunnena. Na ce yaya zan kai loma bakina, yaron mutane yana can ba hannu? Na ɗauka girmama ka nake yi." Ya girgiza kai. "Ashe ɓarna nake yi. Ka yafe mani."

Hamida tana kuka ƙasa-ƙasa.

Tanimu ya dubi garin da ke tafinsa. Sannan ya durƙusa ya zube shi a kan faifai, ya baza da yatsa, ya tsinci ƙwaya ɗaya, ya cije ta. Ta yi ƙaras.

"Ta sama ce ta fi lalacewa," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ta tsakiya za a samu. Ba za ta kai rabi ba, amma za a samu. Gobe da sassafe a kwashe duka, a baza a rana kwana uku, a sheƙe, a tankaɗe. Garin a ba kaji. Rumbun a share shi a yi mashi hayaƙi kafin a mayar da komai. In aka ƙara sati biyu ba abin da zai rage."

"Wa zai tsaya a kan aikin?" in ji Malam Yahya. "Ni ka ga abin da na iya."

Tanimu ya ci gaba da baza garin a kan faifai.

"Kai ma wata shida ka liƙe kanka a ɗaki," Hamida ta ce cikin kuka. "Sai yaushe?"

Gwaggo Dada ta tashi. Ta fita zaure ta dawo da kwanon tuwon. Ta wanke hannu, ta zauna, ta shiga gutsuttsura tuwon loma-loma tana jerawa a gefen kwano, yadda mai hannu ɗaya zai ɗauka ba tare da kwanon ya gudu ba. Hannunta ya san aikin, shekara goma sha ɗaya ya yi yana yi.

Ta tura kwanon gabansa.

"Kar ka ɗauka na sauya magana," ta ce, ba ta dube shi ba. "Har gobe ina cewa wahala za ta sha. Amma ba a fita da yunwa daga gidan wana. Ci."

"Gwaggo, da hagu..."

"Wanda ya karɓi na daman bai san da haka ba? Ka yi bisimilla."

Ya dubi Malam Yahya. Tsohon ya gyaɗa kai. Tanimu ya wanke hannun, ya ɗauki loma ɗaya, miya ta ɗiga a rigarsa. Ba wanda ya kau da kai. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku, hawaye suna gangarowa suna shiga bakinsa tare da tuwon.

A lokacin ne suka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka buɗe ƙofofi, aka rufe. Wata murya ta dattijo ta yi sallama daga waje.

Malam Yahya ya amsa, ya ce su ɗan dakata. Ya juyo ga 'yarsa.

"Hamida, maganarki ce. Ba zan ɓoye maki ba, in takin nan ya koma, ban san da mi za mu yi damina ba. Ga masara kin ga yadda ta zama. Mi zan ce masu?"

Hamida ta share fuskarta da mayafi. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce zaure, ta kama kunnen buhun farko da hannu biyu, ta ja. Buhun bai motsa ba. Ta sake ja har ta durƙushe, ta tashi ta sake kamawa, tana haki tana kuka.

"Ke yarinyar nan, za ki karya bayanki!" in ji Gwaggo Dada daga cikin gida.

Hamida ba ta saki ba.

Sai ta ga inuwa a kanta. Tanimu ya tsaya yana kallonta, da sauran miya a yatsunsa.

"Kin san ba ni da abin da zan mayar maki a madadin wannan," ya ce.

"Na sani. Kama can."

Ya sunkuya, ya damƙi ɗaya kunnen buhun da hannun hagu. Suka ja tare. Buhun ya taso daga bango, yana jan ƙasa, ya nufi ƙofar da baƙin suke tsaye.